Tsakanin Salga da Akushi: Jawabi Kan Wanke Hannu da Lafiyar Yaranmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu, ya tara mu a wannan rana ta tunawa da kafuwar ƙungiyarmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maganar da aka ɗora mini ita ce wanke hannu. Na san akwai wanda zai ce a ransa: "Mu da muke alwala sau biyar a yini, mu ne za a koya ma wanke hannu?" Tambaya ce mai kyau, kuma a kanta zan tsaya. Gaskiya ne mai salla yana taɓa ruwa sau da yawa a yini. Gaskiya ne kuma cikin gidajenmu, gidajen masu salla, zawo yana kwantar da yara, wasu ma ba su tashi. To ina gizo ke saƙar? Abu guda nake so mu tafi da shi yau: alwala tana da lokutanta, cuta ma tana da nata lokutan da take shiga, kuma a waɗannan lokutan ruwa zalla ba ya isa, sai an haɗa da sabulu.

Mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce zawo yana kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 kowace shekara a duniya. Mu a nan ba labari aka ba mu ba. A daminar 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa, ta bazu cikin jihar Maraɗi, mutum sama da 3,000 suka kamu. A 2021 ta dawo da ƙarfi, ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa har da Yamai, sama da mutum 5,000 suka kamu, fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Sai dai ita kwalara da ƙara take zuwa: rediyo ya faɗa, hukuma ta tashi tsaye, a buɗe wurin jinya na musamman. Zawon yau da kullum shi ba ya da mai shela. Yaro ya yi kwana uku yana zawo, ya warware, bayan sati biyu ya koma. Kowane zuwa sai ya tafi da wani abu daga jikinsa: abinci ba ya zama a ciki, cin ma ya ragu, nauyi ya faɗi. Yaron da ya rame kuma shi ne zawo na gaba ya fi saurin kayarwa. Da haka ake faɗawa cikin tamowa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake jinyar yara masu tamowa a lokacin damina ya san abin da nake nufi.

Yanzu ta ina cutar ke shiga? Iyayena ku gafarce ni, zan ambaci abin da ba a cika ambata ba gaban manya. Amma a zauren karatu ma malam ba ya tsallake babin tsarki don kunya. Kwalara, da atini, da taifot, da tsutsar ciki, da shan inna, da wasu nau'o'in ciwon shawara, duk hanyarsu guda ce: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Wani lokaci ruwan sha ke kai su, wani lokaci ƙuda, sau da yawa kuma hannu. Masana sun ƙiyasta cewa giram 1 na kashi, abin da bai kai kan ɗan yatsa ba, yana iya ɗaukar ƙwayar birus miliyan 10 da bakteriya miliyan 1. Ƙwayar da ke kawo atini, wato zawon jini, guda 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum. Ke nan abin da ke kawo ciwon ya fi ƙarfin ganin ido nesa ba kusa ba. Hannu zai iya zama fes, babu launi babu wari, alhali yana ɗauke da abin da zai kai jariri likita.

Me ya sa ruwa kaɗai ba ya raba su da hannu? Fatar mutum tana da maiƙo, ƙwayoyin cutar kuma cikin wannan maiƙon suke maƙalewa, da cikin lungun yatsu da ƙarƙashin farce. Ku tuna kwanon da aka ci miyar man gyaɗa a ciki. Ko bokiti guda ka zuba masa, in ka shafa za ka ji santsi. Ruwa da mai ba su haɗuwa. Shi sabulu an yi shi da fuska biyu, ɗaya tana kama mai, ɗaya tana bin ruwa. In ka cuɗa, sai ya ɓamɓare maiƙon tare da abin da ke ciki, in ka ɗauraye sai su bi ruwa su tafi. Ruwa zalla yana ragewa, ba a ce ba ya komai ba, amma abin da yake bari ya isa ya yi ɓarna.

An gwada wannan a aikace. A birnin Karaci na ƙasar Pakistan, cikin unguwannin talakawa, an bi gidaje kimanin 900 tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2005. Wasu gidajen an riƙa kai musu sabulu ana tunatar da su wanke hannu kowane sati, wasu kuma an bar su yadda suka saba. A gidajen da aka ba sabulu, zawon yara ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu na ƴan ƙasa da shekara 5 shi ma ya ragu da rabi. Ku lura da abu biyu. Na farko, Karaci gari ne na musulmi, mutane masu alwala kamar mu, amma sai da sabulu ya shigo aka ga bambancin. Na biyu, an gwada sabulu mai maganin kashe ƙwayoyin cuta da sabulu na yau da kullum, ba a ga wanda ya fi wani ba. Ke nan ba sai mai tsada ba. Ba ko'ina ake samun ragin da ya kai na Karaci ba. Idan aka haɗa bincike na ƙasashe da yawa, ragin zawo yana kamawa wajen kashi 30 cikin 100. Ko hakan ne, a cikin kowane zawo 10 an kauce ma 3 ke nan, da abin da ake sayarwa a kowane tebur na unguwa.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje. A cikin Bukhari da Muslim, Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya tashi daga barci tsoma hannu cikin mazubin ruwa kafin ya wanke shi, kuma dalilin da aka bayar shi ne mutum bai san abin da hannun ya taɓa cikin dare ba. Hannu ne da ba a ga komai a kansa ba, amma aka ce a wanke, kuma a wajen mazubi, don kada a ɓata ruwan da wasu za su yi amfani da shi. Uwar muminai Maimuna, da take siffanta wankan Annabi, ta faɗi cewa bayan ya yi tsarki sai ya goga hannunsa da ƙasa sannan ya wanke. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna cewa a siffar tsarki ma an ambaci goga hannu da ƙasa kafin a wanke shi. Ashe tun can an san cewa bayan bayan gida hannu yana bukatar abin gogewa ban da ruwa. A yau ƙasar tsakar gida da ta bakin salga tana iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki, ga kashin kaji da na awaki, shi ya sa sabulu ya fi dacewa da wannan aikin. Wanda ya fito salga ya wanke hannu da sabulu, manufar sunna ya bi.

Akwai wata mas'ala da nake so in share, don na san ɗalibai za su tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da abu kamar sabulu ba a alwala da shi. Wannan ba ya hana komai. Ka wanke hannu da sabulu, ka ɗauraye tas, sannan ka fara alwalarka da ruwa tsantsa. Malamanmu suna nan, su ne za su ƙara mana bayani.

To yaushe ne waɗannan lokutan da cuta ke shiga? Mu bi gidajenmu ɗaki ɗaki.

Na farko, fitowa daga salga. Muna shiga da buta, muna tsarki da hagu, muna fitowa. Ku tambayi kanku, wane hannu ne ya ɗauki butar bayan an gama? Wa ya ɗauke ta bayanka? Butar da ke ƙofar masallaci hannu nawa take bi daga asuba zuwa isha'i? Idan sabulu yana cikin ɗaki a kulle cikin kwalla, ba wanda zai je nemansa da jiƙaƙƙen hannu. Wurinsa bakin salga.

Na biyu, kuma shi ne aka fi sakaci da shi, bayan an wanke wa yaro kashi. Da yawa cikinmu mun taso muna jin cewa kashin jariri ba komai ba ne, ai nono ne kawai. Ta fuskar lafiya, kashin yaro ya fi na babba haɗari a gida, don yara su suka fi yawan zawo, kuma nasu ne ake bari a tsakar gida ko a watsa bayan danga, inda ƙannensu ke rarrafe. Ta fuskar fiƙihu ma najasa ne. Sauƙin da wasu malamai suka yi magana a kai ya shafi fitsarin jariri namiji da bai fara cin abinci ba, bai shafi kashi ba. Ƴan uwana mata, sau da yawa ku ne ke wannan aikin, ko don ɗanki ko don ƙanenki da inna ta bar miki. Ki zuba kashin cikin salga, ki wanke fo ɗin, ki wanke hannunki da sabulu, ki wanke na yaron shi ma.

Na uku, kafin a taɓa abinci: kafin a dama fura, kafin a kwaɗa zogale, kafin a ba yaro kunu ko a ɗura masa magani, kafin a ba shi nono. Abincin da wuta ta dafa ya tsira, amma abin da hannu ya taɓa bayan an sauke shi ba wutar da za ta sake bi ta kansa. Fura da kwaɗo da ƙanƙarar da ake fasawa cikin ruwan sha duk haka suke.

Na huɗu, kafin cin abinci, kuma a nan akwai al'adar da ya kamata mu duba. An kawo tuwo, an kawo kwano guda na ruwan wanke hannu. Maigida ya tsoma, baƙo ya tsoma, yayye su tsoma, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe. Ruwan da ya isa gare shi ya riga ya ɗauki abin da ke hannun mutum shida. Wanda ya fi kowa rauni shi ya samu ruwan da ya fi kowane datti, daga nan kuma hannuwan duka suka shiga akushi guda. Wani abin kuma, a gidaje da yawa sai an gama ci ake fito da sabulu, don a cire maiƙon miya da warin kifi. Mun ba hanci haƙƙinsa, mun hana ciki nasa. Cin abinci tare albarka ne, ba wanda ya ce a bari. Girmama manya ma yana nan: a fara zuba wa babba. Abin da za a canza kawai shi ne a zuba da buta, ruwan ya faɗa cikin kwano, kowa da sabon ruwa, sabulu kuma ya zo tun farko.

Yadda ake wankewar ba wuya. Ka jiƙa hannu, ka shafa sabulu har ya yi kumfa, ka cuɗa tafi da baya, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, aƙalla sakan 20, sannan ka ɗauraye da ruwa mai zuba. Ka bar hannun ya sha iska ya bushe, ya fi ka goge da tsumman da kowa ya goga ko da gefen zanen da aka goyi yaro da shi. Yanke farce kuma, wanda dama yana cikin sunnonin fiɗira, rabin aikin ne.

Akwai maganar da muke ji wurin kakanninmu, cewa zawon haƙori ne, in haƙorin ya fito zai tsaya. Mu duba da kyau. Yaro yana fara haƙori wajen wata 6. A daidai wannan lokacin ne yake fara zama a ƙasa, ya fara rarrafe, ya fara cin abin da ba nono ba, kuma dasashi na yi masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai baki: takalmi, murfin buta, yatsun kansa. Haƙorin da zawon sun zo tare ne, amma abin da ya shiga bakin ne ya kawo zawon. Haɗarin wannan magana shi ne tana sa a zauna jira, ruwan jikin yaro yana ƙarewa.

Na san uzurorin da za a kawo, kuma ba na raina su. Wani zai ce ruwa. A unguwar da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, ko ƙauyen da mata ke tafiya mai nisa zuwa rijiya, kowane moɗa da lissafinsa. Amma Anas ya ruwaito cewa Annabi yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita 1 ba, wanke hannu kuma bai kai alwala cin ruwa ba. Akwai dabarar da kowane ɗayanmu zai iya haɗawa: a samu bido na lita 5, a huda shi ƙaramar huda kusa da baki da ƙusa mai zafi, a rataye shi a sanda tsakanin gwafa biyu, a ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wani itace a ƙasa. In ka taka itacen, bidon ya karkata, ruwa ya zubo siriri, ba ka taɓa komai da hannu ba. A rataye sabulu da igiya a gefe, a kifa masa gwangwani don akuya da ruwan sama, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi.

Wani zai ce kuɗin sabulu, ko ya ce in an ajiye a waje ɗauke shi ake. To a zuba ƙaramin ƙullin omo, kamar giram 30, cikin gorar ruwa ta lita 1 da rabi, a girgiza, a huda murfin. Wannan ruwan kumfar yana aikin sabulu, yana daɗewa, kuma ba mai sha'awar sa shi aljihu. Sabulun salo ma sabulu ne. Ranar da babu ko ɗaya, a cuɗa da toka mai tsabta daga murhu a ɗauraye, kafin a samu. Mu maza kuma, masu aure da masu shirin yi, mu sa sabulu cikin cefane kamar gishiri. Wanda bai rasa na shayi da sukari a fada ba, da na kiredin waya, bai kamata bakin salgar gidansa ya rasa sabulu ba.

Wani kuma zai ce ciwo da lafiya duk na Allah ne. Haka ne, ba musu. Amma da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Riƙon sababi ba ya rage tawakkali. Yaro kuma amana ne, bai iya kare kansa ba, abin da hannunmu ya kai bakinsa shi zai haɗiye.

Kada in bar ku da zaton sabulu ya gama komai. Sai da ruwan sha mai tsabta, sai da salga a kowane gida, sai da rigakafi. Tun 2014 aka sa rigakafin rotabirus, ƙwayar da ta fi kawo zawo mai tsanani ga jarirai, cikin rigakafin yara a Nijar. A kai su a kan lokaci. In kuma zawon ya riga ya zo, a fara ba yaro ruwan SRO nan take, a ci gaba da nono da abinci, a haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an ga jini, ko jikinsa ya saki, a tafi CSI ko da tsakar dare ne. Tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati, kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro a gida.

Ƴan uwa, mu zo kan ƙungiyarmu. Muna share masallatai, muna karantarwa a Islamiyya, muna raba abincin buɗa-baki da azumi, muna hidima a wurin wa'azi da walima. Duk waɗannan wurare ne da hannuwa da yawa ke haɗuwa da abinci ko da buta. Ina roƙon shugabanni mu ɗauki abubuwa kaɗan da za mu iya riƙewa. Kowane masallaci da kowace Islamiyya da muke hidima a ciki, a kafa wurin wanke hannu a bakin ban-ɗaki. A ba mutum guda, da sunansa, alhakin duba ruwa da sabulu kowane sati, don abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa, kuma kafa bido ya fi cika shi sauƙi. Duk wanda zai raba abinci da sunan ƙungiya ya wanke hannu gaban jama'a kafin ya fara, a daina kwano guda. Malaman Islamiyya, in an zo babin tsarki, a fito da yara waje a nuna musu da sabulu a hannu. Yaro in ya koya, shi zai je gida ya tuna wa uwa da uba. Ranar 15 ga Oktoba, wadda tun 2008 aka keɓe don wanke hannu a duniya, mu mai da ita ranar bin wuraren da muka kafa mu ga wanne ke aiki, wanne ya bushe. Kafin duk wannan kuma, kowa in ya koma gida yau ya leƙa bakin salgar gidansu. In babu sabulu, ya sa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, muna roƙon ya ba mu ikon aiki da shi. Allah ya raya mana yaranmu cikin lafiya da imani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da suka riga mu, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.